Mai Hula da Ƙofofinsa Biyu

Ranar Asabar da ta wuce Nura ɗan ƙanwata ya same ni a garejin gidana a Clinton, ina fama da tiyon ban-ruwa da ya tsage. Yaron ya gama digiri, yana da aikinsa mai kyau a Alexandria inda ake ɗaura lakataye, amma ya zo mini da albishir wai zai ajiye ya zama manajan mawaƙa. Abokansa ne su biyu, ɗaya na rerawa ɗaya na haɗa kiɗa a kwamfuta, sun ce shi zai riƙe su.

"Kawu, it's not that deep," in ji shi. "Booking ne kawai da social media, komai a waya yake yanzu. Kuma best friends ne, ko faɗa ba sa yi."

Na ce Allah ya sa alheri. Na ciro ragowar wani jan tef daga tsohuwar jakata na naɗe tiyon, raina na sosuwa. Shekara ashirin da biyu na yi a wannan sana'a, amma yaron nan bai taɓa tambayata me nake yi ba. A wurinsa Kawu Garba direba ne da ya taɓa ɗaukar wasu Turawa masu gashi har kafaɗa. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, dominsa da ire-irensa masu zaton aikin manaja shi ne tsayawa a gefen dandamali da baƙin tabarau ana kaɗa kai.

Mutumin da ya koya mini aiki ba zan faɗi sunansa ba. Wanda ya san kiɗan rok ya san shi, wanda bai sani ba sunan ba zai ƙara masa komai ba. Ni da Isiyaka, wani Bahaushen zongon Kumasi da muka yi aikin tare, mu muka sa masa Mai Hula, saboda wata hular ulu da ba ya cirewa ko a tsakiyar bazara. Gajere ne, ba ya iya kaɗa ko gwangwani, in ya rera waƙa sai ka nemi tsari. Amma shi ya tsinto wasu samari huɗu suna haukan kiɗa a wani ɗakin ƙasa, ya riƙe su har duniya ta san da su. Biyu daga cikinsu ne ƙashin bayan ƙungiyar: mawaƙin, wanda muke kira Dogo, da mai jita, Jan Gemu. Lokacin da na fara aiki sun shekara bakwai ba su yi wa juna magana ba. A kan waɗannan mutum biyu da ba sa ga-maciji abincin gida kusan arba'in ya rataya, har da nawa da na Isiyaka. Ranar da ɗayansu ya ce ya gaji, mun tashi aiki gaba ɗayanmu.

A wani sito a Laurel Mai Hula ya gan ni. Nan ake ajiye musu lasifikoki da fitilu da akwatunan ganguna, ni kuma ina lebura a wurin bayan karatun da ya kawo ni ƙasar Turawan nan ya gagara. Wata safiya mai siton ya fusata da direban babbar mota da ya tare ƙofa, ya ce mini in je in gaya wa wancan jakin ya kwashe tarkacensa ko ya sa a ja motar. Na je na gaida direban, na tambayi hanya, na tambayi iyali, sannan na ce maigida ya ce ya san ka sha tafiya, amma in ka ɗan matsa gaba za a fi saurin sauke maka kaya. Direban ya matsa, har da godiya. Ashe Mai Hula yana zaune kan wani akwati, ya ji saƙon da aka ba ni, ya ji wanda na kai.

"A ina ka koyi shara ƙarya cikin ladabi haka?" ya tambaye ni.

Na ce, "Yallaɓai, ai wannan aike ne. A garinmu in an ba ka zagi ka kai, a hanya kake wanke shi."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce in zo ranar Litinin.

Ku da kuke cewa komai a waya yake, ga kayan aikinmu: jaka ɗaya ta fata, tocila, alƙalami mai kauri, agogo biyu da aka saita daidai da juna, da tef mai manne wa ƙasa kala biyu, ja da fari. Duk garin da za a yi wasa, ni da Mai Hula muke riga kowa isa, da hantsi, ɗakin wasan babu kowa sai masu shara. Ba ya kallon dandamali, ba ya kallon kujeru. Ƙofofi yake bi yana ƙirgawa. Sai ya zana taswirar wurin a takarda, ya miƙo mini, ni kuma in durƙusa in shimfiɗa jan tef tun daga inda motar Dogo za ta tsaya har ɗakin da zai sa kaya, daga nan har dandamali. Farin tef na Jan Gemu ne, ta wata ƙofar daban. Ƙa'idar ɗaya ce: layukan nan kada su haɗu, kada su gitta juna, kada mai bin ɗaya ya hango mai bin ɗayan, sai a gaban jama'a. Ni nake tuƙa Dogo, Isiyaka yana tuƙa Jan Gemu, kowannenmu da agogo guda a hannu. Wata shida na yi ina shimfiɗa tef kafin a yarda in buɗe baki a gaban ɗayansu, gwiwoyina har yau suna ba da shaida.

Sai da muka saba ya gaya mini inda ya samo wannan dabara. Mahaifinsa yana da gidan shirya jana'iza a Alexandria, irin wanda Nasara ke ajiye mamaci a akwati dangi su zo su yi ban kwana. Tun yana ƙarami aikinsa ke nan, ya san wane ɗa ne ba ya shiri da wane, wace 'ya ce ta kai ƙanenta kotu, ya shigar da waɗannan ta gaba waɗancan ta gefe, a yi addu'a a watse ba a kai wa juna duka a kan gawa ba. Ya ce duk abin da ya sani game da mawaƙa a wurin masu makoki ya koya.

Akwai wani ɗakin wasa a Baltimore da ba zan manta ba. Tsohon gini ne, ƙofar baya ɗaya tal, mai wurin kuma wani ƙaton mutum mai taurin kai ya ce shekara da shekaru manyan mawaƙa ta nan suke shiga, ba zai fasa bango don mutum biyu sun ƙi girma ba. Mai Hula bai yi musu da shi ba. Ya fita ya zagaya ginin sau biyu, ya gano gidan abincin da ke jikinsa, inda ake dafa ƙaguwa, yana da wata ƙaramar ƙofa da ke ɓullewa bayan dandamali. Ya shiga ya zauna da matar da ke da wurin, ya ci ƙaguwarta, ya yabi yajinta, ya tambayi jikokinta. Kafin azahar ina durƙushe ina manna jan tef a tsakanin tukwane. Da la'asar na shigo da Dogo, mutumin da dubban mutane ke suma in sun gan shi, ta cikin tururi da ƙarnin ƙaguwa, masu wanke-wanke na ba shi hanya. Ya tsaya ya ce wannan wane irin wulaƙanci ne. Na ce masa Mai Hula ya ce wannan ce ƙofar sirri, babban baƙo kaɗai ake bi da shi ta nan, wancan kuwa ta wajen bola aka shigar da shi. Ya gyara kwalar rigarsa ya wuce yana murmushi. Isiyaka ya ce abin da ya gaya wa Jan Gemu ke nan shi ma, sai dai ya ƙara da cewa Dogo zai hau dandamali yana warin kifi.

Daga tef aka ƙara mini girma zuwa kai saƙo, kuma nan ne ainihin sana'ar. A lokacin gwajin sauti da rana ba sa tsayawa tare, kowa da sa'arsa. Dogo zai ce, "Ka gaya wa wancan kurman jitarsa tana binne mini murya." In tafi wurin Jan Gemu in tambayi kwanan matarsa da ciwon bayansa, sannan in ce Dogo ya ce hannunka ya yi zafi a makon nan, har yana roƙon ka ɗan rage masa ya samu wurin numfashi. Jan Gemu zai ce, "Ka ce masa muryar ce ta tsufa." In koma in ce ya amince, ya ce muryarka ta ƙara nauyi, za a ba ta fili. Waƙa ma haka ake yin ta. Jan Gemu ya ɗauki kiɗa a kaset, in kai, Dogo ya ɗora baiti, in dawo da shi. Rabin waƙoƙin da 'yan mata ke kuka a kansu suna zaton na soyayya ne, habaici ne Dogo ke yi wa Jan Gemu, shi kuma yana rama wa da jita. Da sun haɗu a dandamali sai duk abin da muka tare tun safe ya fashe a wurin, jama'a su yi ta ihu suna cewa ba su taɓa ganin aminai irin waɗannan ba.

Ba su kaɗai ne masu wuyar sha'ani ba. Akwai masu ɗakunan wasa, akwai 'yan jarida, akwai mahaifiyar mai ganga da take bugo waya ta ji ko ɗanta mai jikoki ya ci abinci. Akwai kuma mutanenmu. A masallaci ranar Juma'a sahun gaba likitoci ne da injiniyoyi, in aka tambaye ni sana'a sai in ce harkar sufuri. Mahaifina ya rasu yana zaton kayan gini nake dako. Amma in faɗi gaskiya, Mai Hula bai taɓa sa ni ɗaukar kwalbar giya ba, kuma a takardar tsarin kowace rana, tsakanin sauke kaya da gwajin fitilu, da hannunsa yake rubuta lokacin azahar da la'asar na Garba da Isiyaka. A bayan manyan lasifikoki muke shimfiɗa darduma, Isiyaka na jan salla don ya fi ni karatu. Tare muke buɗa baki a gefen hanya, tare muka yi sunan 'ya'yanmu, har babban ɗansa sunana ya ci.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai duk tsawon shekarun nan. Ni an rene ni a gidan da ba a barin gaba ta wuce kwana uku, ga shi ina cin abinci da gabar da ta doshi shekara talatin. Na taɓa yi wa Mai Hula maganar, na ce me zai hana a zaunar da su a sasanta. Ya ce, "Garba, kai ka iya wanke saƙo, amma ba ka san wanda ba a kaiwa ba." Na ɗauka iya magana ce irin tasa. Na kuma lura duk ƙarshen shekara yakan je gidan kowannensu shi kaɗai, ba ni ba Isiyaka, ya daɗe a ciki, ya fito yana share gumi a ƙarƙashin hula. Ban tambaya ba, a zatona maganar kwantiragi ce.

Sai ga muguwar shekara. Ana saura wata uku a fara zagayen garuruwa na bazara, an riga an sayar da tikiti, Mai Hula ya faɗi a ofis, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ƙi fita. Aka ce Garba ya riƙe kafin ya tashi. Na je asibiti na same shi da ɗan allo a cinya, yana rubutu da hannun hagu kamar ɗan aji ɗaya. Ya rubuta mini kalma biyu: ƙofa biyu. Na ce ya kwantar da hankalinsa, duk taswirorin suna jakata. Ya girgiza kai ya sake nuna allon. Na sake cewa na gane.

Ban gane komai ba. Abin da na gani shi ne Allah ya ba ni dama. Ga Babbar Salla ta matso, kuma duk shekara nakan kai wa kowannensu soyayyen nama, sun san shi suna sonsa. Na ce bana su za su zo su ci a gidana. Na gaya wa Isiyaka shirina a cikin mota, a bakin siton Laurel, ina jiran ya yaba.

"Massa," in ji shi da bakinsu na Kumasi, "mepakyew, ina roƙonka, ka bar abin nan yadda ka same shi. Tsohon nan ba wawa ba ne. In da sulhu na da amfani da ya yi tun tuni."

Na ce masa, "Haba Malam Isiyaka, kai da kake ja mana salla? Lada fa za mu samu."

Ya ce, "Ka samu ladanka kai kaɗai. Ni ba zan ɗauko Jan Gemu ba."

Maiɗakina Hajiya Rabi ma ta ce, "Alhaji, waɗannan fa ba 'yan unguwarku ba ne." Na ce ɗan Adam ɗaya ne ko'ina. Na buga wa kowannensu waya da kaina, ban gaya wa ɗaya cewa ɗayan zai zo ba.

Ranar da muka karɓo ragonmu daga gonar da ake yanka mana, Hajiya ta tuƙa tuwon shinkafa, ta yi miyar taushe, ta soya nama. Dogo ya iso da azahar, ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar yadda dokar gidan take, ya harɗe a kan kafet. Bayan rabin sa'a sai ga Jan Gemu. Ya cire nasa takalmin, ya shigo, suka yi ido huɗu. Falona ƙofa ɗaya gare shi. Jan Gemu ya juya zai fita, ya duba bakin ƙofa babu takalmi. Hajiya, wadda ta ce kada a yi, ita ce ta kwashe su duka ta kai bayan gida, don a wurinta baƙo ba ya fita bai ci abinci ba. Ya tsaya da safa, ɗaya ma ta huje a babban yatsa, ya rasa yadda zai yi, ya zauna.

Na gyara zama na yi musu abin da na ga kawunnaina suna yi a zaure. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na gode musu. Na kawo maganar Mai Hula da ke kwance, na ce jiya yana tsaye yau ga shi, kuma kowannenmu ramin da za a sa shi bai fi tsawon wannan kafet ba. Na ce ban tambayi wa ya fara ba, ba na son in sani, abin da nake roƙo su yafi juna. Sannan aka ajiye tire ɗaya a tsakiya, babu cokali, na zuba musu ruwa suka wanke hannu. Suna ta kokawa da tuwo, miya na bin gwiwar hannu. Can yaji ya sarƙe Dogo, ya yi ta tari, ya miƙa hannu ya ce, "Ba ni ruwan nan." Jan Gemu ya miƙa masa. Maganar farko ke nan a shekara ashirin da tara.

Daga nan bakin ya buɗe. Ashe asalin rigimar wata lasifika ce da aka bari a ruwan sama tun suna samari, kowa na cewa ɗayan ne. Suka yi dariya, suka yi kuka, manyan mutane da furfura suna share majina da bayan hannu. Ni kuwa ina gefe kaina ya kumbura, har ina tsara yadda zan ba Isiyaka labari. Sai Dogo ya dafa kafaɗar Jan Gemu ya ce, "Ka san shekara goma sha biyar ke nan ina son in bar wannan aiki? Don kai na zauna. Duk ƙarshen shekara tsohon nan sai ya zo ya ce ka roƙa a ƙara shekara ɗaya, wai in babu ni hannunka ya mutu."

Jan Gemu ya ajiye lomar da ya ɗauko. "Ni na roƙa? Ni da na ce masa na gaji tun kafin 'yata ta shiga makaranta? Ni ce mini ya yi kai ne kake kuka, wai in na tafi ba ka da wurin zuwa."

Suka kalli juna. Sai dariya ta ƙwace musu, irin wadda mutum ke riƙe ciki yana dukan ƙasa. Ni ban yi dariya ba. A nan na gane saƙon da Mai Hula bai taɓa ba ni in kai ba, na gane abin da ya rubuta a allo. Hajiya ta leƙo ta ce, "Alhamdulillahi, an shirya?" Na ce an shirya.

Ko zagayen ban kwana ba su yi ba. Cikin mako biyu aka sanar, aka soke komai, suka fita a hoto suna rungume da juna. Dogo ya koma ƙauye a Virginia yana kiwon zuma, Jan Gemu ya sayi ƙaramin jirgin ruwa, yanzu tare suke zuwa kamun kifi. Mu kuma aka watse. Mai fitilu, mai sauti, masu dako, mai ɗinkin kaya, kowa ya kama gabansa, yawancinmu mun wuce shekarun da ake ɗaukar sabon ma'aikaci da murna. Ni na samu gadi a wani ofis. Isiyaka, da 'ya'ya uku a makaranta da ciwon baya, ya koma gidan kula da tsofaffi yana ɗaga mutane daga gado zuwa kujera. Ranar da muka kwashe kayan ƙarshe daga siton Laurel ya cire agogon nan na biyu ya ajiye mini a kan akwati. Ya ce, "Ka samu ladan?" Bai jira amsa ba. Yau shekara tara ke nan ba mu yi magana ba.

Da na je gaya wa Mai Hula na yi zaton zai jefe ni da allon. Ya saurara har na gama, ido a rufe. Sannan ya rubuta: me suka ci? Na ce tuwo. Ya rubuta: mene ne shi? Na yi masa bayani, shinkafa ce ake dafawa ta yi laushi a tuƙa. Ya daɗe yana kallon silin, sai rabin bakinsa mai motsi ya fara rawa, ashe dariya yake. Ya rubuta: lauyoyi sun gwada, mata sun gwada, ƙwaya ta gwada, shinkafa ta yi nasara. A ƙasa ya ƙara: kawo mini in ɗanɗana. Na kai masa, ya ci loma biyu ya ce babu gishiri.

Ya yi shekara huɗu bayan nan. Matasan manajoji suna zuwa gaishe shi kamar masu ziyarar malami, jaridu suna rubuta cewa shi ne mutumin da ya haɗa kan ƙungiyar shekara talatin. Ni da na shimfiɗa tef ɗin na san raba su ya yi, kuma da rabawar ya ciyar da mu. Har yau in ka shiga bayan dandamali a manyan ɗakunan wasa za ka ga layuka masu kala a ƙasa, yaran da ke manna su suna cewa don kada baƙo ya ɓata ne. Ko daidai ya yi ko ba daidai ba, ya ɗaure mutum biyu shekara goma sha biyar da ƙaryar da ya ƙirƙira, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa. Ni ma nawa yana jirana, don na yi abin da aka koya mini tun ina yaro shi ne alheri, kuma mutum arba'in suka biya.

Da ya rasu 'yarsa ta kira ni ta ba ni ambulan. A tsohon gidan jana'izar mahaifinsa ya ce a yi masa taro, kuma ya bar taswira, da rubutun hannun hagu, ya ce Garba ne zai shimfiɗa. Na je da hantsi da jakata. Ga jan layi ta ƙofar gaba, ga fari ta gefe, sun haɗu a gaban akwatin. Dogo da Jan Gemu a mota ɗaya suka zo, amma da suka ga tef a ƙasa sai kowa ya bi nasa. Sai dai taswirar layi huɗu ce. Akwai kore, an rubuta Garba, akwai rawaya, an rubuta Isiyaka. Tsohon yana kwance ba baki, amma ya san komai. Ya shigar da mu ta ƙofa daban-daban, ya zaunar da mu nesa da juna, sannan a wajen fita ya ja layukan biyu ya haɗe su a wata 'yar siririyar ƙofa da mutum biyu ba sa wucewa sai kafaɗa ta gogi kafaɗa. A duk taswirorin da ya taɓa ba ni, wannan ce kaɗai ya yi haka.

Na daɗe a durƙushe da koren tef a hannu. Sannan na tashi na zagaya ginin sau biyu, kamar yadda ya koya mini, na samo wata ƙofa ta bayan kicin, na karkatar da layina ta can. Ni da na tara Turawa na yi musu wa'azin kabari, na kasa haɗa kafaɗa da mutumin da ya sa wa ɗansa sunana. Kunya ce ta hana ni, kuma har yau kunyar ce.

To Nura, ka ce kana son sana'ar nan. Ban hana ka ba, jakar ma na ba ka, da agogo biyun. Amma ba a fara ta da waya, da aike ake farawa. Isiyaka yana nan a Laurel, mahaifiyarka ta san gidan, ranar Lahadi ba ya zuwa aiki. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka gaishe shi da Hausa ko da za ta karye a bakinka, ka tambayi bayansa da yara. Sai ka ba shi agogo ɗaya, ka ce Garba ya ce kai ne da gaskiya, ya cuce ka, ka yafe masa. Wannan saƙon kada ka wanke shi a hanya, ka kai shi yadda na ba ka. Amsar ma, ko wace iri ce, ka kawo mini ita yadda take.